Tiyon Birkin Mato

A tashar Badagishiri akwai wani direba mai suna Mato, mutumin kirki, sai dai rowar gyara. Yana da tsohuwar pijo wadda ta girmi aurensa. Kullum sai ya wanke ta har tana ƙyalli, amma ƙarƙashinta ko leƙawa ba ya yi.

Wata rana Zaidu bakanike ya ga jiƙa a bayan tayar gaba. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana goge hannu.

"Mato, tiyon birkinka ya tsattsage, har ya kumbura. Canza shi yau."

"Zaidu, kai ko lafiyayyen jaki ka gani sai ka ce a canza mai ƙafa," in ji Mato. Ya yanko robar tsohon tib na cikin taya ya ɗaure wurin tamau. Man birki ya riƙa raguwa, shi kuma yana cikawa da ruwan sabulu, yana cewa ai duk santsi ne.

Ran nan surukinsa Liman ya ce a kai shi gida Konni. Mato ya shimfiɗa darduma a kujerar gaba, ya zaunar da dattijo, ya kama tuƙi kansa a sunkuye don kunya. Suna cikin gangara zuwa kwari, sai ga amalanke cike da albasa a gabansu. Mato ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka kunu. Ya sake takawa, babu komi. Ga shi gaban suruki ba a ihu. Sai ya ce a hankali, "Baba, a ɗan riƙe."

Allah ya taimake shi, akwai rairayi a gefen hanya. Ya karkata ya afka ciki, motar ta nutse har gindi ta tsaya. Rawanin Liman ya sauko ya rufe masa ido.

Dattijo ya gyara rawani, ya fito, ya duƙa ya ga roba tana lilo, kumfa na ɗiga.

"Mato, cikin wagga kake ɗaukar ɗiyata da jikokina?"

Liman ya miƙe, ya ƙara da cewa:

"To, Barira da yara ba su ƙara shiga sai Zaidu ya zo da bakinai ya ce an gyara."

Liman ya ƙarasa gida bisa amalanken albasar. Washegari Zaidu ya canza tiyo huɗu duka, yana aiki yana tambayar lafiyar jaki. Ran Juma'a Barira da yara suka koma kujerarsu, amma har yau 'yan tasha Mai Sabulu suke kiran Mato, yana amsawa da dariya.

Darasi a nan shi ne, tsohuwar mota tana faɗin ciwonta tun da wuri. In ka ga tiyo ya tsage ko ya kumbura, ko jiƙa a bayan taya, ko birki ya yi laushi, ranar ce ranar canzawa. Kada ka jira gangara ta gaya maka, don ba kowace hanya ce ke da rairayi a gefe ba.