Layi Goma Sha Biyu a Littafin Baba

Akwai wani tsohon hedimasta mai ɗa masanin kwamfuta. Ɗan nan kowa a gidan Injiniya yake kiransa. Ilimi kam akwai shi, sai dai girman kan ya fi ilimin yawa.

Bayan ritaya, Baba ya sa tabarau, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa a teburin falo, ya ce zai koyi rubuta manhaja. Mama na da hawan jini, kuma in ba shi ya tsaya a kanta ba, ba ta tuna magani. So yake ya haɗa abin da zai riƙa tuna mata. Wani tsohon ɗalibinsa ya ce ya fara da yaren kwamfuta mai suna Python, ya fi sauƙi ga sabon shiga. Har ya fara kama bakin zaren.

Injiniya ya leƙa, ya tuntsire da dariya. "Haba Baba, wannan ai na yara ne. In za a koya, a koyi na gaske."

Ya goge Python ɗin, ya sa masa wani yare mai wuya, C++, ya ce zai zauna da shi in ya samu sarari. Sararin bai taɓa samuwa ba.

Wata uku dattijon nan yana fama, kullum kwamfuta na ce masa ya yi kuskure. In ya kira Injiniya a waya, a ce yana mitin. Ƙarshe ya rufe ta, ya ce kansa ne ya tsufa. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da 'ya'yan jama'a fa!

Ashe likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, ya ɓoye. Bai kai ƙarshen shekarar ba.

Sati uku da rasuwarsa, Mama ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Kwana shida ba ta sha magani ba. Ta tashi, amma hannun hagu bai sake motsi ba.

Injiniya na neman katin asibitinta a durowar Baba, ya ci karo da littafi. Layi goma sha biyu ne na Python, da biro. Ya mayar da Python a kwamfutar, ya kwafe su a ciki, ya danna. Nan take ta yi ƙara, rubutu ya fito, da sunan da Baba ke kiran Mama:

"Mutuniyar, lokacin magani ya yi. Ban da gardama."

Injiniya ya kifa kai a teburin yana kuka. Ashe Baba ya riga ya gama manhajar.

Darasi: Kada ka raina ƙofar da wani ya samu ta shiga ilimi. Yaren da ya fi dacewa da mai koyo shi ne wanda zai iya ci gaba da shi. Ku tura wa masana, ko wani zai sassauta tun bai yi da-na-sani ba.