Awarwaron Tasalla da Ma'aunin Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso kusa. Ladidi, bar tonon wutar nan ki zauna, ko in haɗiye abata.

An yi wata tsohuwa ana ce mata Tasalla, a wani ƙauye can ƙetaren gulbi. Mijinta ya rasu, ɗanta guda shi ma ya bi shi, aka bar ta da 'yar gona da jikoki mata uku ƙanana. Tasalla kuwa manomiya ce ta gaske. In ta ɗauki iri ta murza shi a tafin hannu, za ta gaya miki ko zai tsiro ko ba zai tsiro ba.

Wata shekara da bazara, abin da ya rage a rumbunta gero dami sittin ne, daidai abin da za su ci su kuma shuka har kaka ta yi. Rannan da tsakar rana guguwa ta ɗauko tartsatsi daga murhun maƙwabta ta sauke shi kan jinkar rumbun. Kafin a ɗebo ruwa, sai toka. Wayyo Tasalla! Ta zauna a gaban tokar nan ta yi tagumi, yaran suna kallonta, ga damina ta ƙarato.

Abu ɗaya ta mallaka a duniya, awarwaro na zinariya da ta gada wajen uwarta. Ranar da uwar za ta cika, ta zare shi ta sa mata a hannu ta ce, "Tasalla, nauyinsa ƙwaya sittin ne, a gabana aka auna shi. In wuya ta sa ki sayar, kada ki sallama ƙasa da sittin."

Ku tsaya in gaya muku ƙwayar mece ce. A zamanin nan da idon zakara ake awon zinariya, 'yar ƙwayar nan ja mai ɗigon baƙi da kuke tsintowa a jikin danga. In ta bushe, kowacce nauyinta ɗaya da 'yar'uwarta. Sai a sa zinariya a faranti ɗaya na ma'auni, a yi ta jefa ƙwaya a ɗayan har su daidaita. Kuma a kasuwar Gindin Gawo, inda mutane da dabbobi ke ciniki tare, kowa ya san farashi: ƙwaya ɗaya, damin gero ɗaya.

Ran kasuwa Tasalla ta yi sammako ta ƙetare gulbi. Ta fara da rumfar Dila, don shi ne babban mai sayen zinariya. Rumfarsa kuwa can cikin inuwa take, rana ba ta leƙa ta ko kaɗan. Ƙwayoyinsa suna cikin wani ƙoƙo, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wai don ƙura.

"Maraba da Iya! Iya sannu da hanya. Zauna nan, ga ruwa."

Baki kamar zuma. Ya karɓi awarwaron ya goga shi a baƙin dutse, ya ce, "Ta ainihi ce, ba gauraye." Ya ɗora a ma'auni, ya shiga jefa ƙwaya yana ƙirgawa da ƙarfi. Goma. Ashirin. Talatin. Da ya kai arba'in, ma'auni ya tsaya cak.

Tasalla ta leƙa farantin. Ta ce, "Malam Dila, sittin ne."

"Ma'auni ba ya ƙarya, Iya. Ke ma kin gani da idonki."

Ta ce, "Albarka." Ta karɓi abinta.

Ta je rumfar Kura. Kura ta ce, "Dakata in karɓo ƙwaya wajen Malam Dila, shi ke ba mu." Ta karɓo, ta auna. Arba'in.

"Ma'auni ba ya ƙarya, Iya."

"Albarka."

Ta je rumfar Biri. Biri ya yi tsalle ɗaya ya karɓo ƙwaya wajen Dila, ya auna yana soshe-soshe. Arba'in. Garin rawar kansa ƙwaya ɗaya ta faɗo ta gangaro gaban Tasalla. Ta ɗauka za ta miƙa masa, ya riga ya haye rufin rumfa yana faɗa da wani. Sai ta ƙulle ta a bakin zanenta, ta ce in ta dawo ta ba shi, don ita ko tsinken wani ba ta riƙewa.

A hanyar fita ta sake bi ta gaban Dila. Ya ce, "Iya, ni tausayinki nake ji. Kowa arba'in ya gaya miki. Tsofaffi kan yi mantuwa, wataƙila marigayiya ta manta ne."

Maganar nan ta soke ta. Ta ce, "To, kasuwa mai zuwa zan kawo maka."

Yara, arba'in ba za ta kai su kaka ba. In sun ci, babu iri. In sun shuka, watan da gero ke fitar da kai su kwana da yunwa. Amma wallahi ba wannan ne ya fi ci wa Tasalla rai ba. Abin da ya fi damunta shi ne ta fara zargin uwarta. Tana tafe tana cewa, "Inna, ashe mantuwa kika yi? Ko faɗa kika yi don in ji daɗi?" Da ta faɗa sai kunya ta kama ta, ta yi ta kuka har bakin gulbi.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Da safiyar kwana na huɗu, ran da kasuwa za ta sake ci, ta ɗauko zane za ta ɗaura, sai ta ji ƙullin nan. Ta kwance. Me za ta gani? Ƙwayar ta tsage, ga wani ɗan farin tsiro ya leƙo.

Tasalla ta kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Ta juya ta, ta sake juyawa. Ta matsa ta da farce, ta ji taushi. Ta duba da kyau, ga 'yar huda kamar ta allura.

Ta ce, "Af! Shekara hamsin ina shuka, ban taɓa ganin busasshen iri ya tsiro cikin busasshen zane ba. Wannan ta sha ruwa."

Kun gane? Ja'irin nan Dila huda ƙwayoyin yake yi, ya jiƙa su su ƙoshi, su yi nauyi. Arba'in jiƙaƙƙu su ɗauki nauyin sittin busassu. In zai saya, jiƙaƙƙu. In zai sayar, ya ɗauko busassu daga aljihu. Kura da Biri kuwa ba su taɓa tambaya ba, su dai sun ga suna cin riba.

Tasalla ta mayar da tsiron ta ƙulle. Ta wanke fuskarta, ta ce wa jikokin su jira ta, ta kama hanya.

Da hantsi ta isa. Dila ya hango ta, baki har kunne. "Iya ta cika alkawari! Bismilla, shigo inuwa."

Ta tsaya a waje ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Malam Dila, ni tsohuwa ce, idona ba ya gani cikin duhu. Fito da ma'aunin nan rana, in ga awon abin uwata da idona."

Mutane suka fara juyowa. Dila ya dubi nan ya dubi can. Wa zai hana tsohuwa wannan a bainar jama'a? Ya ce a ransa, ai yanzu za a gama. Ya fito da ma'auni ya rataye a tsakiyar fili, ya jefa arba'in, ya daidaita.

"Ƙwaya ɗaya dami ɗaya, ko ba haka ba?" in ji Tasalla.

"Haka ne, Iya. Kowa ya shaida. Kin sallama?"

"Saura kaɗan. Mu a gidanmu ba a rabuwa da abin gado sai an yi masa sallama. Sai na ambaci duk macen da ta taɓa sa shi, ɗaya bayan ɗaya. Bar shi nan kan ma'auni."

"Haba Iya, ina da masu jira."

Sarkin Kasuwa yana nan kusa, shi ne Kunkuru. Ya miƙo wuya a hankali ya ce, "Saurin me ake yi? Bar baiwar Allah ta yi sallama da abinta. Ni ma zan saurara."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode." Ta shimfiɗa mayafi ta zauna.

Ta fara da uwar kakarta, Yalwa mai saƙar zane, wadda ta fara sayen awarwaron. Ta faɗi garinsu, ta faɗi 'ya'yanta, ta faɗi har sunan akuyarta. Rana tana hawa. Kun san ranar bazara, ga farantin ma'auni baƙin ƙarfe, ya yi zafi kamar tanda. Tana gamawa ta ce, "Yalwa, na sallame ki." Sai ma'auni ya yi ƙiii, gefen zinariya ya sauka.

Biri ya yi ihu, "Zinariya tana ƙara nauyi!"

Kunkuru ya ce, "Malam Dila, daidaita."

Dila ya ƙara ƙwaya. Arba'in da bakwai.

Tasalla ta shiga labarin kakarta, Kuluwa, wadda aka yi fari shekara biyu ta ci tafasa da rama amma ta ƙi sayar da shi. Ta ja labarin, ta ja, har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. "Kuluwa, na sallame ki." Ma'auni ya sake yin ƙiii.

"Malam Dila, daidaita."

Hamsin da huɗu. Zufa ta karyo wa Dila. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rana tana lalata ma'auni, a koma inuwa."

Tasalla ta ce, "Ma'auni ba ya ƙarya, Malam Dila. Kai ka gaya mini."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Sai ta zo kan uwarta. Ba ta ja wannan don dabara ba, bakinta ne ya ƙi saki. Ta faɗi yadda awarwaron ke ƙara a hannun Inna in tana daka. Ta faɗi yadda yake taɓa mata wuya da sanyi in Inna na yi mata kitso. Ta faɗi ranar da aka zare shi aka sa mata. Hawaye na zuba ba ta share ba, har rana ta karkata. Can ta ce, "Inna, na sallame ki."

Ma'auni ya sauka.

Kunkuru ya ce, "Wannan karon ni zan daidaita. Kura, tsinko mini busassu a jikin dangar can." Aka zubar da na Dila, aka kawo busassu. Kunkuru ya shiga jefawa ɗaya-ɗaya, duk kasuwa na ƙirgawa tare da shi. Hamsin da takwas. Hamsin da tara. Sittin. Ma'auni ya tsaya cak, ko motsi.

Sannan Tasalla ta kwance bakin zanenta ta ɗora tsiron a gaban Sarkin Kasuwa. "Ranka ya daɗe, wannan ta Biri ce, daga ƙoƙon Malam Dila ta fito. Na dawo da ita." Kura ta kai hannu ta yaye jiƙaƙƙen tsumman nan. Na ƙasan ƙoƙon duk sun tsiro, fari fat.

Kai, zo ka ga tashin hankali! Duk macen da ta taɓa sayar wa Dila 'yan kunne ko zobe ta yo kansa. Ya ce, "Ku tsaya in yi bayani." Ba wanda ya tsaya. Kunkuru ya yanke hukunci: Dila ya biya Tasalla dami sittin, ya kai mata har gida a bayansa, ya cika wa kowace mace abin da ya rage mata, sannan ya bar kasuwa. Kura da Biri kuma aka karɓe ma'auninsu sai baɗi. Kwana goma Dila yana jigilar gero yana ƙetare gulbi. Daga nan ya shige daji, shi ya sa har yau in kun ji kukansa da magariba, ciwon baya ne.

Tasalla dai ta rabu da awarwaronta, wannan ba makawa. Ta daɗe tana shafa wuyan hannunta ta ji wayam. Amma ruwa ya sauka, ta yi shuka, jikokinta ba su kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Tsiron nan kuma Biri ya ce ta riƙe, ta dasa shi a jikin dangarta, ya yi yaɗo ya yi 'ya'ya. Tun daga lokacin duk macen da za ta sayar da zinariya sai ta biyo ta gidan Tasalla ta ɗebi busassu ta tafi da su.

Ran da aka girbe gero, kafin ta sa ko loma a baki, ta tafi kabarin uwarta ta durƙusa. Ta ce, "Inna, ki yafe mini, na yi zarginki. Sittin ne."

To kun ji. In za ku sayar da abinku, ku san nauyinsa tun daga gida. Kuma in masu saye uku suka faɗi magana ɗaya, ku duba ko daga ƙoƙo ɗaya suka ɗebo.

Ƙurunƙus, kan ƙwayar idon zakara. Ladidi, ɗauko ƙanwarki, ta yi barci tun a arba'in.