Fim Ɗin Malam Sale Da Bai Fito Ba

Akwai wani mai shirya finafinai a unguwar Yalwawa cikin Dutse, ana ce masa Zainulabidin. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, ya ɗauri aniyar yin fim a kan rayuwar marigayi Malam Sale, wani bawan Allah na wani ƙauye can wajen Buji, wanda ake cewa bai taɓa rama zagi ko duka ba.

Mai riƙe masa kyamara Boaz ne, Kirista ɗan Filato mai ɗaukar hoton biki. Tun a mota Boaz ya ba da shawarar su fara gaida iyalan marigayin. Zainulabidin ya ce shi da ya zo ɗaukaka sunan kakansu, ai su ya kamata su zo gaishe shi.

Suka kafa kaya a bayan garin marigayin. Aka manna wa ɗan wasa gemun auduga da ƙaro, aka dama zoɓo mai kauri a matsayin jini, za a ɗauki ranar da ɓarayin shanu suka daki Malam.

Wani mai wucewa ya ga ana tattaka rawanin ɗan wasan da ya yi shigar Malam. Ya ruga cikin gari ya ce baƙi sun zo da arne suna wulaƙanta Malam.

Nan take samari suka fito da gorori. Kafin Zainulabidin ya buɗe baki, gora ta zubar masa da haƙoran gaba. 'Yan wasa suka faɗa cikin dawa. Yana kwance yana tofar da jini ya ga samari sun rufe Boaz da duka, kyamara ta tarwatse, goshinsa ya tsage.

Sai ga Iya Rabi'atu, 'yar autar Malam, tsohuwa tukuf. Ta kutsa ta faɗa kan Boaz don ta kare shi. Gorar da jikanta Mika'ilu ya riga ya ɗaga ta sauka a hannunta, kowa ya ji ƙarar ƙashi.

Ta ɗago ta dube shi. "Mika'ilu, a filin nan aka daki Baffana, bai ɗaga hannu ba. Kai kuma saboda shi za ka kashe mutum?"

Samarin suka sauke gorori. Mika'ilu da kansa ya tura Boaz a amalanke har bakin titi yana kuka.

Boaz ya rayu, amma idonsa na dama ya tafi. Hannun Iya bai sake miƙewa ba. Da Zainulabidin ya durƙusa a gefen gadon asibiti yana neman gafara, Boaz ya ce, "Na yafe, maigida. Ka je ka dubo min jikin Iya."

Zainulabidin bai sake yin fim ba.

Darasi: Girman kan mutum ɗaya yakan jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba, haka ma jita-jitar da ba a bincika ba. In kana ƙaunar bawan Allah, halinsa za ka ɗauka, ba gora ba. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.