Shekara Guda a Ofishin Kan Iyaka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wani baduku ne, Tanimu, ya je fatauci ƙasar waje ya auro Kaltume. Da suka iso kan iyaka, sai jami'in biza ya ce, "Ba na ba mace takardar zama sai da shaidar ta shekara ɗaki ɗaya da mijinta."

Tanimu ya ce, "Yallaɓai, shekaranjiya aka ɗaura auren. Bar ta ta shiga mu shekara."

"Ba ta shiga sai da takarda."

"To ni in koma ƙasarsu?"

"Bizarka ta can ta ƙare yau."

Kaltume ta dubi ofishin ta ce, "Ranka ya daɗe, nan inda muke tsaye ƙasarku ce?"

"Sai kin wuce waccan ƙofa."

"Tamu ce?"

"Kin baro taku tun a gada."

"Alhamdu lillahi. Maigida, shimfiɗa tabarma."

Ta kafa murhu gindin teburin jami'in, ta ɗora miyar kuka, daddawa har da ƙari.

Jami'i ya ce, "Ke! Me kike yi?"

"Shekara, yallaɓai. Ga ɗaki, ga miji, ga ka shaida. In an haihu ma kai za ka raɗa suna."

"Ku fita!"

"Ta wace ƙofa? Ta baya an hana shi, ta gaba ka hana ni."

Jami'i ya lalubo hatimi cikin hayaƙi, ya buga yana tari.

Kaltume ta ce, "Ikon Allah, shekarar bana ko miya ba ta nuna ba!"

Ƙurunƙus, ga kan ɓera nan na ajiye muku.