Ginshiƙan da Baba Ya Bari

Babu ruwa yanzu a idon ruwan da ke gindin dutsen nan. Hanyar da mata suke bi da tuluna tana nan, amma ruwan ya tafi. Ga yadda abin ya faru.

Akwai wani manomi da ya gaji gona a gindin dutse, da idon ruwa a cikinta wanda ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani. Daga nan iyalinsa suke sha, da shi yake ban ruwan lambunsa na dankali da kabeji, sauran kuma ya gangara ya zama rafi ga mutanen kwari.

Ƙanensa Dalyop mai haƙar kuza ne. Bakin raminsa yana can bayan dutse, amma ramin ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har ya ratsa gonar. Mahaifinsu ne ya fara haƙa shi. Tsohon kuwa yana da wata al'ada: in ya ɗan yi gaba da haƙa, sai ya bar wani ɓangaren ƙasa a tsaye kamar ginshiƙi, domin ya tallafe abin da ke sama.

Wata rana Dalyop ya iske yayansa a lambu, ya ce, "Yaya, kuza ta ƙare a ramin nan. Amma ginshiƙan da Baba ya bari cike suke da ita. Suna tsaye kawai, ba sa aikin komai."

Manomi ya ce, "Baba dai ba wawa ba ne."

"Ban ce wawa ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Mutumin da ko gada ba ya hayewa sai ya buga ƙafa ya ji ƙarfinta!"

Manomi ya yi dariya, gama haka tsohon yake. Ya dubi ƙanensa, ya ga yadda ya rame, ya tuna da 'ya'yansa. Sai ya ce, "To, ɗaya kawai."

Aka sare ɗaya. Da safe manomi ya je ya duba, ruwa yana ta ɓuɓɓugowa kamar kullum. Da Dalyop ya dawo neman na biyu, abin bai yi wuyar bayarwa ba. Daga baya ma ya daina tambaya, manomi kuma ya daina zuwa dubawa. Damina ta zo ta wuce, kabeji ya yi kyau.

Ran nan da safe matar manomi ta dawo da tulu babu komai. Ta ce, "Baban Garos, zo ka gani. Ruwanmu ya yi shiru."

Ya je ya tarar ƙasa ta lotsa kamar ƙwarya, ga tsaga ta bi ta tsakiyar lambu. Ba a ji wata ƙara ba, ba wanda ya ji rauni. Ya durƙusa ya kara kunne a tsagar, sai ya ji ruwansa yana gudu a can ƙasa, inda guga ba ta kaiwa. Ya ɗauko magirbi ya yi ta haƙa idon ruwan, bai sami ko laima ba.

Yana nan zaune Dalyop ya iso, laka har gwiwa. Ya ce, "Yaya, ruwa ya cika ramin. Ba mai iya shiga kuma." Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa.

Manomi ya ajiye magirbin a gefe. Sa'an nan ya ce, "Hannunka ne ya sare, bakina ne ya ce to. Tashi mu gangara mu faɗa wa mutanen kwari, kada su zauna jiran rafi."

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar nan rayuwarka ce, idon ruwan kuma salamar da Ubangiji yake bayarwa, wadda gidanka da maƙwabtanka suke sha daga gare ta. Ginshiƙan su ne abubuwan da suke kama da ɓata lokaci: addu'ar iyali kafin a kwanta, ranar Ubangiji, zama wurin mara lafiya ba tare da duba agogo ba. Akwai kuza a cikinsu, wannan gaskiya ne. In ka sare su za ka sami lokacin kasuwa. Ranar da ka sare na fari kuwa ba abin da zai faru, nan ne haɗarin yake.

Bara na binne maigidana. Da nauyin nan ya sauko a kaina, ban iya ko buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Abin da ya riƙe ni shi ne addu'ar yamma da bai taɓa yarda a ɗage ba, ko da baƙi a gida, ko tuwo yana hucewa. Ba a gina ginshiƙi ranar da ƙasa take lotsawa.

Ku sunkuyar da kai, mu yi addu'a tare. Ya Uba, ka nuna mana abin da yake riƙe da gidajenmu tun muna da shi. Ka ba mu ƙarfin cewa a'a, ko ga wanda muke ƙauna. Inda kuma ƙasa ta riga ta tsage, ka yi mana jinƙai, ka shayar da mu daga hannunka. A cikin sunan Yesu. Amin.