Kwamfutar da Gilashinta Ya Mutu

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Sabitu, yana sayar da ƙananan kwamfutoci na hannu a kasuwar wani gari. Ku saurara, jama'a, don Allah ya jarraba shi da mai ciniki guda.

Sunanta Malama Hansatu, makauniya ce. Tana neman ƙaramar kwamfuta wadda za ta sa wa manhajar nan mai karanta rubutu da murya. Ta zo yau, ta zo gobe, ta zo jibi. Kowacce ya miƙa mata sai ta shafa, ta kasa kunne, ta ture.

"Wannan maɓallanta a shafe suke kamar faranti, ta ina yatsa zai gane gida?"

Ya kawo wata.

"Fankarta ta fi muryar ƙara. Injin markaɗe na ce ka ba ni?"

Ya kawo wata.

"Wannan kuwa sai na ɗauki ɗan dako."

Sabitu ya share zufa ya ce, "Malama, don girman Allah, shagon ya ƙare!" Ya ƙosa, jama'a, ya ƙosa. Da ya jiyo sandarta a bakin layi sai kansa ya fara sarawa.

Rannan hannunta ya faɗa kan wata da ya jingine a gefe. Ta kunna, ta danna, ta saurara. Ga maɓallai a rarrabe, ga murya tas, ba nauyi. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ita ce."

To, ita wannan gilashinta ya mutu, baƙi ƙirin, ba ya nuna komai. Maƙwabcinsa Ilu ya ja shi gefe ya raɗa masa: "Kai, sallame ta ka huta! Me makauniya za ta yi da gilashi? Ba ƙarya za ka yi ba, shiru kawai."

Maganar ta shige shi, don hutun yake so. Har ya ɗauko leda. Sai ya ajiye, ya yi tsaki, ya ce, "Malama, gilashinta ba ya aiki. Na san ba ruwanki da shi, amma gara ki sani."

Ta ce, "Wa ya ce maka ba ruwana? Ƙanena kurma ne, mu biyu muka rage a gida. Shi ba ya jin maganata, ni ba na ganin hannunsa. So nake in rubuta ya karanta a gilashi, ya rubuta murya ta karanta mini. Tun rasuwar innarmu ba mu yi hira ba sai da ɗan tsakani."

Sabitu ya karɓi kwamfutar. Ya ce zai canja gilashin, ta dawo jibi.

Ta ce, "To. Amma da ƙanen nawa zan zo ya duba, kuma ya fi ni tsirfa."

Sabitu ya dafe kai ya ce, "Allah ya kawo ku lafiya."

Kun ji, 'yan'uwa. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, ko da mai saye ba zai taɓa gani ba. Kada gajiya ta sa ka yanke wa mutum abin da yake bukata, don ba ka san wa ke jiran sa a gida ba. Kai mai shago, ke mai awo, in haƙurinku ya zo wuya, ku faɗi gaskiya tukuna, sannan ku yi tsakinku. Allah ya ba mu ikon yi.