Jiƙon da ya kama wuta a cokali

Akwai wani ladan a wani ƙauye kusa da Kamarawa, sunansa Malam Na'Allah. Murya gare shi, in ya kira azahar har shanun ruga sai sun ɗaga kai. Ku da kuka saba da ni a shafin nan kun san ba na barin kowa da tsiya, to amma labarin yau dariyarsa kaɗan ce.

Malam yana da ƙane, Illo. Shekara goma sha ɗaya Illo ya yi a Kudu yana dako, kuma ba a ɓoyewa, ya sha giya har ita giyar ta gaji da shi. Har aiki ya yi a gidan da ake dafa ta. Daga baya ya tuba, ya dawo gida ya kama noman gero. Shekara shida bai sake kai ta baki ba, amma gari bai daina ce masa Illo Kwalba ba. Wanda ya laƙa masa sunan kuwa yayansa ne.

Duk ranar da Illo ya yi sammakon masallaci ya tsaya sahun gaba, sai Malam ya ja hannun rigarsa a gaban jama'a.

"Koma baya. Wanga sahu ba naka ba na."

Sai Illo ya koma sahun baya.

Bayan girbi ciwon baya ya kama Malam. A kasuwar Sabon Birni ya gamu da wani Bawa mai jiƙo, da babur da lasifika, yana shelar maganin sanyi da basir da kasala. Kwalba ce cike da saiwoyi, ruwan ja-ja. Murfi biyu da safe, biyu da yamma.

Magani fa ya karɓi Malam. Jiki ya yi ɗumi, baya ya yi shiru. Fatu matarsa ta ce shekara ashirin bai taɓa yi mata wasa ba sai da kwalbar nan ta shigo gida. Murfi biyu ya koma huɗu.

Wata safiya Illo ya kawo musu damin gero, ya iske Malam a tsakar gida yana buɗe kwalba. Tun daga bakin zaure hancinsa ya gaya masa.

"Yaya, mi kaka sha?"

"Magani. Ina ruwanka?"

"Wagga ogogoro ta, Yaya. An dai jefa mata itace."

"Ogo mi?"

Illo ya durƙusa. Ya ce masa giya iri-iri ce. Burkutu da dawa ake yin ta, bammi kuwa ruwan itace ne da ya yi tsami. Ita wannan, bammin ake dafawa a duro, turirin ya bi ta bututu ya huce, ya ɗigo fari tas kamar ruwan leda. Wata a sa mata sukari da ƙamshi a zuba a kwalba mai kyau. Wata a jefa mata saiwa a ce magani ce.

"Abin da ka ba ni tsoro, Yaya, masu son banza ba su tsayawa nan. Sifirit na masu fenti suka ƙara mata don ta yi auki. Da idona na ga wanda ta makantar."

Malam ya yi dariya.

"Ji ɗaci kamar maɗaci. Mashaya daɗi suka bi, wa za shi sha wanga don nishaɗi? Kuma da bisimilla mutumin ya miƙo min."

Illo ya roƙi Fatu cokali da ashana. Ya ɗiga kaɗan, ya ƙyasta. Wuta shuɗiya ta tashi a cokalin, shiru, ba hayaƙi. Fatu ta dafe ƙirji.

"Malam, ruwan magani shina cin wuta?"

Nan fa ran Malam ya ɓaci. Ba wutar ce ta ƙona shi ba, a ce wai Illo Kwalba ne zai yi masa wa'azi a gaban matarsa.

"Shekarata talatin ina kiran salla, ka zo gidana da dabon mashaya? Ɗau geronka ka fita."

Illo ya ɗauki dami. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ka ci gaba da zagina, Yaya, na saba. Ka dai zubar da ita."

Da kasuwa ta zagayo, Malam bai sayi kwalba ba. Jarka ya saya, ya ratso da ita ta ƙofar gidan Illo don ya gani. Bawa ya ce masa sabon haɗi ne, ya fi na baya ƙarfi.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Malam ya ce, "Fatu, wa ya tada hayaƙi a ɗakin ga?"

Ba hayaƙi. Kafin azahar ga amai, ga ciwon kai, ba ya ganin ƙofa. Ranar wani ne ya kira salla.

Illo ne ya nemo babur. Ya goya yayansa, ya ɗaure shi a bayansa da rawani, ya bi hanyar nan da kuka san hatsarinta yanzu, har asibiti a Isa. Daga can aka tura su Sakkwato. Likita ya ce an tsira da rai, amma ido ya tafi. Bawa kuwa, daga ranar ba a sake jin lasifikarsa a kasuwa ba.

Ranar da Malam ya koma masallaci, Illo ne riƙe da sandarsa. Ya kai shi sahun gaba, wurin da ya saba tsayawa. Ana shirin tada salla sai hannun Malam ya laluba ya kama hannun rigar na kusa da shi.

"Illo, kai na?"

"Ni na, Yaya. In koma baya?"

Malam ya jawo shi kusa da kafaɗarsa. Bai kuma saki rigar ba har liman ya yi kabbara.

Yau shekara biyu ke nan Illo yake kai shi masallaci su tsaya tare a sahun gaba, sau biyar a rana. Mutanen gari kuwa har gobe Illo Kwalba suke ce masa.

Darasi: Wanda ya taɓa faɗawa ɓarna ya tuba ya fi ka sanin kamanninta, kada girman kai ya hana ka saurarensa. Kuma ba duk abin da ke da ɗaci ne magani ba, ka san abin da ke cikin kwalba kafin ka kai baki. Ku tura wa iyayenmu da yayyenmu masu sayen jiƙo a kasuwa, tun suna iya karantawa da idonsu.